Gyambon da ke Ƙarƙashin Sirdi

Ha Letuka, 7 ga Disamba, 1987

Ntate, mahaifina,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da mutanen ɗakinku a wurin haƙar zinariya. Mu nan lafiya muke, sai gwiwar Mme, mahaifiyata, da ke damunta duk lokacin da hadari ya taso. Ta ce in gaya maka bargon da ka aiko ya iso, amma ba za ta yafa shi ba sai ranar Kirsimeti, don matan coci su gani gaba ɗaya. Ni ma na iso daga makaranta ranar Asabar. Mota ta sauke mu a Semonkong, na hawo da ƙafa tare da wasu mata. Na ci jarrabawa, zan shiga ajin ƙarshe a Janairu. Lissafi ne kawai ya so ya ba ni kunya.

Masara ta fito da kyau. An gama askin tumaki. Rufin ɗakin girki yana yoyo ta wajen gabas, mun sa tasa.

Ntate, akwai wata ƙaramar magana. Jiya bayan coci na bi ta gidan Baffa Potlaki in gaishe su. Dokinka Sefako yana ɗaure a bayan ɗaki. Da farko ban gane shi ba, na ɗauka wani dokin ne Baffa ya aro. Shi ne ya gane ni, ya yi 'yar haniniyar nan da yake yi idan yana sa ran gishiri. Ya ɗan rame. Bayansa kuma ba shi da daɗin gani, daidai inda gaban sirdi yake zama. Baffa yana shafa masa baƙin mai, irin wanda ake zubarwa daga injin niƙa. Ƙudaje suna son wurin. Ban iya tsayawa na duba da kyau ba, don zuciyata ta tashi, sai da na zaga bayan katanga. Ka san halina.

Ba ƙarar Baffa nake kawowa ba. Ya karɓe ni hannu biyu, matarsa ta ba ni madara. Na kuma san tun da ka ba shi Sefako mafisa, wato riƙon amana, shi ke ciyar da shi, shi ke hawansa har ka dawo. Ina dai tunanin ko zai yiwu, idan ba laifi, ka sa baki a bar shi ya ɗan huta. A darasin noma an koya mana cewa miki ba ya warkewa a ƙarƙashin sirdi. Amma kai ka fi ni sani.

Mme tana gaishe ka. Allah ya fito da kai daga ramin nan lafiya kullum.

'Yarka,
Sebolelo


Ha Letuka, 16 ga Disamba

Ntate,

Ina sake gaishe ka. Muna lafiya. Na san amsarka ba za ta iso da wuri haka ba, amma na kasa zama.

Na koma gidan Baffa shekaranjiya, na tarar ya dawo daga kanti ke nan a kan Sefako. Na tsaya yana kwance sirdi. Tsohon bargon da ake shimfiɗawa a ƙarƙashi ya manne da bayan dokin. Baffa ya fizge shi da hannu ɗaya, ya ba da wata ƙara kamar an ɓare ɗanyar fata, Sefako ya lanƙwashe kamar zai durƙusa. Wannan karon na sa kaina na duba. Ntate, abin da na kira miki a waccan takardar gyambo ne, faɗinsa ya kai tafin hannuna. Gefensa baƙi ne saboda man, tsakiyarsa kuma tana motsi.

Baffa ya ce, "Likita ta iso. Ku ba ta kujera."

Na ce, "Baffa, tsutsa ce a ciki."

Ya ce, "To? Tsutsa ma'aikaciya ce, ruɓaɓɓen nama take cinyewa, ba ta neman lada. Ke me kika taɓa cinyewa ban da tuwon sistocin makarantarku?"

Matarsa ta yi dariya, amma na ga ta ja bargo ta toshe hanci. Sai ya tsoma yatsa biyu a gwangwanin man ya lafta a kai, har tsutsotsin suka nutse. Ya goge hannu a wando, ya zauna, ya gutsuri tuwo da wannan hannun, ya miƙo mini rabi. Na ce na ƙoshi. Ya ce, "Kin gani ko? Ke a littafi kika karanta doki, ni da cinyoyina na karance shi."

Ba bayan kaɗai ba ne. Da Sefako ya rage cin abinci, Baffa ya ce ganɗarsa ce ta kumbura, ya tsaga ta da wuƙa, yanzu yana tauna ciyawa yana zubar da ita da yawu mai jini. A kashinsa na ga tsutsar ciki, farare, dogaye kamar igiyar takalmi. Gashin ƙafafunsa na gaba cike yake da ƙwayayen ƙuda masu ruwan ɗorawa, waɗanda ake kankarewa kafin doki ya lashe su. Kofatonsa ya yi tsawo har ya fara tsagewa.

Jiya na gangara rumfar askin tumaki, inda malamin dabbobi yake zama. Na daɗe a bakin ƙofa kafin in iya magana, don wurin maza ne kawai. Ya san Sefako. Ya ce bai gan shi ba ranar da aka yi wa dawaki allurar riga-kafin cutar damina, bai kuma gan shi ranar maganin tsutsa ba. Ya ce baƙin mai rufe dauɗa yake yi a ciki, ruwan gishiri ake so, da allurar hana sarƙewar haƙora, da hutu. Na ce ya zo mana. Ya ce, "'Yata, wa ya kira ni? Wanda dokin ke hannunsa, ko mai dokin?" Na ce ni. Ya ci gaba da wanke sirinjinsa.

Na gaya wa Mme mu je mu kwance shi mu kawo gida. Ta dube ni kamar na ce mu cire rufin coci. Ta ce dabbar mafisa mai ita kaɗai ke kiranta gida, a gaban Mai Gari, ba matarsa ba, balle 'yarsa. Ta ce idan muka taɓa igiyar nan, mun kira Baffa ɓarawo ke nan a idon gari.

Saboda haka kai muke jira, Ntate.

Sebolelo


Welkom, 14 ga Disamba

'Yata Sebolelo,

Na ga takardarki ta ranar bakwai. Ina lafiya, sai tari kaɗan na ƙura, wanda kowa ke yi a nan. Na karanta wa mutanen ɗakinmu cewa kin ci jarrabawa. Wani tsoho mutumin Mozambik da ke kwana a gadon samana ya ce a ajiye masa ke ki zama lauyarsa. Lissafi kuwa gadon gidanmu ne, kada ki damu. Ki gaya wa mahaifiyarki ta riƙa gasa gwiwar, rufin kuma a jira ni.

Maganar Sefako ta ba ni dariya. Da na kai wurin da kika zaga bayan katanga, sai na tuna ranar da aka ce ki riƙe kwano za a zuba hanjin kaza, kika jefar da kwanon kika gudu, kare ya riga mu. Ashe sistoci ba su cire miki wannan ba. 'Yata, duk dokin da ke aiki yana samun 'yar kurjewa a baya. Baƙin mai shi muke shafawa tun kafin a haife ki. Ramewa kuma ta farkon damina ce, sabuwar ciyawa wucewa take yi ta cikinsu. Kafin sabuwar shekara za ki ga ya murje.

Wanda ya riƙe maka dabba ba a leƙa masa turke. Potlaki ƙanina ne, shi ke yanka masa ciyawa lokacin dusar ƙanƙara, ni ina nan ƙarƙashin ƙasa. Ki je ki gode masa da sunana. Ki karanta masa wannan da bakinki: bayan Kirsimeti ya ɗauki Sefako ya hau dutse, ya kai wa makiyaya garin masara da gishiri a mashekarin shanu, ya duba mini jar saniyar nan ko ta haihu.

Bana ba zan ga Kirsimeti a gida ba, sai Ista. Idan na zo, a kawo mini Sefako bakin titi da sirdinsa. Wata tara ina tafiya a sunkuye, ina so in shigo gari a zaune, kaina a sama, bargona a kafaɗa.

Ki ci abinci. Ki daina kallon abin da ke tayar miki da zuciya.

Mahaifinki,
Molise


Ha Letuka, 2 ga Janairu, 1988

Ntate,

Barka da sabuwar shekara. Muna lafiya. Mme ta yafa bargonta, an yaba.

Takardarka ta iso ana jibi Kirsimeti. Da na karanta na gane tawa ta farko kake amsawa, ta biyun ba ta same ka ba. Na zauna da ita a bayan ɗaki har inuwa ta juya. Na yi tunanin in karanta wa Baffa godiyar, in tsallake maganar hawa dutse, ba wanda zai sani. Amma ka ce da bakina, kuma ban taɓa rage maka magana ba. Na je na karanta duka. Da na kai wajen hanjin kaza, Baffa ya sa na maimaita don maƙwabta su ji.

Sun hau dutse washegarin Kirsimeti, Baffa a kan sirdi, buhun gari a bayansa. Sun dawo shekaranjiya. Jar saniyar ta haifi namiji.

Sefako ya shigo gari kansa yana kusan taɓa ƙasa. Doronsa ya kumbura ta gefe biyu. Gyambon ya yi rami, wani ƙaramin rami kuma ya ɓulle can ƙasa a kafaɗa, mugunya tana fita ta nan tana gangarowa har gwiwa, duk inda ta bi gashi ya zube. Tun daga gidanmu ana jin warin idan iska ta juyo. Karnuka sun fara zama kusa da turken suna jira. Baffa ya ce gajiya ce, ya ƙara mai. Ya ce mako mai zuwa zai je wani biki a hayin kogi.

Na sake tunani a kan takardata ta farko. Na rubuta "ba shi da daɗin gani", don a makaranta an ce yarinya mai tarbiyya ba ta rubuta ƙazanta. Kai kuma ka karanta abin da na rubuta. Tun da kalmomina ba su da wari, ga abin da yake da shi. Ɗazu da Baffa ya tafi wajen shan giya, na ɗauki almakashin Mme na yanko tsakiyar bargon sirdin, inda yake kwanciya a kan gyambon. Na yi amai sau biyu kafin in gama. Na naɗe shi a takardar burodi. Ntate Lephoto, wanda kuke aiki tare, zai koma gobe, ya ce hannu da hannu zai ba ka. Ban gaya masa abin da ke ciki ba.

Ka gafarce ni. Kada ka buɗe kusa da abinci.

Sebolelo


Welkom, 6 ga Janairu

Sebolelo,

Ina lafiya. Ina fatan ku ma haka.

Gargaɗinki yana cikin takarda, takardar kuma tana ƙarƙashin ƙunshin. Lephoto ya same ni ina cin tuwo da wake, mu shida a kan benci. Na ga takardar burodi, na ce wa mutane 'yata ta aiko mini da busassun 'ya'yan itace na gida, kowa ya matso. Na buɗe a saman kwanona. Abu ya kwana uku a jakar Lephoto cikin zafin mota. Wasu busassun tsutsotsi suka zubo cikin waken. Tsohon nan na Mozambik ya fasa neman lauya, ya ce duk gidan da ke aiko irin wannan tsaraba a bar shi da Allah. Benci ya watse. Ni kaɗai na rage.

Ban yi dariya ba, 'yata. Na san warin nan. Na taɓa jinsa a ƙafar wani mutum da dutse ya danne, ya ɓoye ciwon don kada a sallame shi. Warin abin da ya fara ruɓewa ne tun yana numfashi. Tsumman ya yi tauri kamar fata, gashin Sefako a jiki, har da nama. A kan wannan na ce a ɗora buhu.

Takardarki ta biyu sai jiya aka miƙo mini, ta yi hutun Kirsimeti a ofis.

Akwai wani ɗan Ha Letuka da zai taso gida gobe. Na ba shi takardu uku: taki, ta Mai Gari, da ta Potlaki. Na kira dokina gida. Potlaki zai yi fushi, kuma na san shi, zai daɗe. Nono ɗaya muka sha, wannan tsakanina da shi ne, kada ki ɗauka a kanki. Idan ya faɗi magana, ki sunkuyar da kai ki karɓi igiya. Daga nan ki kira malamin dabbobi, ki ce mai doki ne ya kira shi.

Saura abu ɗaya da na kwana ina juyawa. Malamin zai zo sau ɗaya ko biyu ya tafi. Wankin kullum fa? Babu namiji a gidan, mahaifiyarki ga gwiwa. Ke ce, Sebolelo. Ke da kwanon hanji. Ban sani ba ko za ki iya, kuma ba ni da wani da zan tambaya.

Mahaifinki,
Molise


Ha Letuka, 20 ga Janairu

Ntate,

Ina gaishe ka. Muna lafiya, Sefako yana da rai. Na fara da wannan don kada ka yi ta neman sa a ƙasan takarda.

Mai Gari ya tara mutane a ƙofar gidansa ya karanta takardarka. Da aka gama, Baffa ya miƙe. Ya tafi ya jawo Sefako, ya jefa igiyar a gaban ƙafata, ba a hannuna ba. Ya ce, "Ga majinyacinki, Likita. Idan ya mutu ki aiko a kira ni, wuƙata tana da kaifi, tukunya kuma ba ta tambayar abin da ya kashe nama." Wasu suka yi dariya. Wani dattijo ya ce, "Potlaki, wannan naman ko karenka sai ya yi shawara." Aka sake dariya, wannan karon ba da ni ba. Na sunkuya na ɗauki igiyar kamar yadda ka ce. Sirdin sai da yamma ya aiko da shi, aka jefo ta kan katanga.

Malamin dabbobi ya zo washegari. Ya yi masa allurar hana sarƙewar haƙora da wata ta kashe ruɓa, ya ɗura masa maganin tsutsa, ya datse kofaton. Sannan ya faɗaɗa ramin ƙasa da wuƙarsa don mugunyar ta sami hanya. Ni ke riƙe da tasa. Ba zan ce "ba daɗin gani" ba: abin da ya fito ya kusa cika tasar da muke tare yoyo da ita, rawaya da baƙi, da gudaji. Ya ce ganɗar da aka tsaga ba ta da laifin komai, haƙoran baya ne suka yi kaifi suna yankar kumatu, ya goge su da magagari. Da ya juya sirdin, ya nuna mini katakon ciki ya karye, bakin karayar ne ke sukar doro duk lokacin da aka zauna. Ya ce allurar cutar damina an makara, sai dai mu riƙa shigar da shi rumfa kafin faɗuwar rana, mu yi hayaƙi saboda ƙananan ƙwari.

Ga yadda nake yi. Da safe ina tafasa ruwa da gishiri, in bar shi ya huce. Ina hawa kan dutsen da ke gindin bishiya don in kai bayansa. Sai in fara amai, in kurkure baki, in fara aiki. Kwanakin farko baƙin man ne ya fi wahalar fita, ya shiga ko'ina kamar kwalta. Tsutsotsin da tsinke nake zaƙulo su, ɗaya bayan ɗaya, wasu sukan koma ciki idan sun ji haske. Kajin Mme sun gane lokacin, suna taruwa a ƙarƙashinsa suna cafkewa kafin su taɓa ƙasa. Na daina cin ƙwai. Mme ta ce ƙwan bana sun fi na bara girma, na roƙe ta ta daina faɗa.

Abin da maganin tsutsa ya fitar kuwa na kwashe da shebur na binne da nisa. Na kankare ƙwayayen ƙafarsa da bayan wuƙa. Ya take ni sau ɗaya, farcen babban yatsana ya yi baƙi, amma laifina ne, na tsaya inda ba ya ganina. Yanzu yana cin dusa da ciyawa ba ya zubarwa. Idan ya ga tasa yakan juyo mini da bayan da kansa, duk da jikinsa yana rawa.

Jiya malamin ya dawo. Ya sa yatsa a ramin ya ce ciwon ya taɓa ƙashin doro. Ya ce da kafin hawan dutse ne, da wata ɗaya ya isa. Yanzu zai rufe, in Allah ya yarda, amma wurin ba zai sake ɗaukar nauyi ba. Na tambaye shi ko da sabon sirdi. Ya ce ko da na sarki.

Jibi zan koma makaranta. Tun da a al'adarmu matar aure ba ta shiga garke, a gindin bishiyar nan muka kafa masa turke, kusa da ɗakin girki. Mme ta sa an ɗora mata kujera a kan dutsen. Na fara nuna mata yadda ake yi, ta karɓe tsumman daga hannuna. Ta ce ta wanke 'ya'ya, ta wanke mahaifiyarka shekara biyu a kwance, bayan doki ba zai koya mata sabon abu ba.

Baffa bai amsa gaisuwata ba ranar Lahadi.

'Yarka,
Sebolelo


Makaranta, 12 ga Maris

Ntate,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ina lafiya, karatu ya yi nauyi amma ina ƙoƙari. Farcen ya faɗi, sabo yana fitowa. Na ji daɗi da tarinka ya yi sauƙi. Ka gaishe mini da tsohon nan na Mozambik, ka ce ina ba shi haƙurin wakensa.

Na sami takardarka, na kuma sami ta Mme. Ta ce ramin ƙasa ya rufe, na sama ya rage kamar bakin kwalba, babu wari, ƙudaje sun koma gidan wasu. Gashi ya fara fitowa a gefe, fari fat a kan baƙin jikinsa, ana hango shi daga coci. Haƙarƙarinsa sun ɓuya. Malamin ya ce a kawo shi riga-kafi kafin damina mai zuwa, da maganin tsutsa idan sanyi ya shigo, Mme ta ce ita da kanta za ta ja shi har rumfar, maza su kalla. Baffa har yanzu ba ya shiga gidanmu. A wajen shan giya yana gaya wa mutane baƙin mansa ne ya warkar da dokin, gishirinmu ya zo ya tarar an gama aiki. Mme ta ce akwai masu gaskata shi, har wani ya zo ya roƙi ragowar gwangwanin don jakinsa. Da na karanta wannan wurin sai da na ajiye takardar na fita waje.

Tambayarka ta farko ita ce ko na daina ƙyama. A'a, Ntate, ƙyamar ba ta tafi ba. Har yau idan aka ba mu ƙwai ranar Lahadi, maƙwabciyata nake turawa.

Ta biyun kuma, ka ce ka ga wani sirdi a kanti a Welkom, mai laushin ciki, ko malamin ya yi kuskure. Na san abin da kake so in ce. Da can da na rubuta maka cewa kai ka fi ni sani. Kada ka saya. Na sa yatsana a ramin nan, na taɓa ƙashin.

Za a ba mu hutun Ista ranar Laraba, zan riga ka isa gida. Ranar da motarka za ta zo, ni da Mme za mu kawo Sefako bakin titi kamar yadda ka ce, amma babu sirdi. Akwatinka ni zan ɗauka a ka. Ka sa takalmin da ba ya matse ka, don hawan yana da tsawo. Kai za ka riƙe masa igiya.

'Yarka,
Sebolelo